Wai Sarki Konstantin ne ya zaɓi littattafan Baibul, kuma me yasa na Katolika 73 ne namu 66?

Salama ɗan'uwa. Na ga tambayarka, kace wani abokin aikinka ya gaya maka wai Sarki Konstantin ne ya tara bishop-bishop a garin Nikiya ya zaɓi littattafan da ransa yake so aka haɗa Littafi Mai Tsarki, sauran kuma yasa aka cinna musu wuta, sannan ya ƙara maka da cewa ai ga hujja nan, Baibul ɗin 'yan Katolika littattafai 73 ne naku kuma 66. Kace kayi shiru don baka san me zaka ce masa ba kuma abin ya tsaya maka a rai.

Maganganu biyu ne ya haɗa maka wuri ɗaya kuma nauyinsu ba ɗaya bane. Ta farkon, ta Konstantin, bata faru ba sam. Ta biyun gaskiya ce, akwai bambancin littattafai bakwai tsakaninmu 'yan Furotesta da 'yan Katolika, amma babu ruwan Konstantin a ciki, kuma duk bakwai ɗin a Tsohon Alkawari suke. Sabon Alkawari 27 ne a wurinmu, 27 a wurinsu, daga Matiyu har Wahayin Yahaya.

An yi taron Nikiya a shekara ta 325, garin yana ƙasar Turkiyya ta yau, sunansa yanzu Iznik. Konstantin ne ya kira taron, wannan ba gardama, shi ya ɗauki nauyin zuwan bishop-bishop ɗin, Yusibiyus bishop na Kaisariya da ya halarta yace sun haura 250, daga baya adadin 318 ne ya zauna a bakin mutane. Abinda ya tara su rigima ce da ta tashi a Iskandariya ta Masar tsakanin wani limamin coci mai suna Ariyus da bishop ɗinsa Alekzanda. Ariyus yana koyar da cewa Ɗan halitta ne, ya fi duk halittu girma kuma ta wurinsa akayi komai amma dai akwai lokacin da babu shi, Alekzanda kuma yace ina, Ɗan madawwami ne tare da Uba. Rigimar ta bazu a gabashin daular har sarki yaga zata tsaga masa ƙasa, shine ya kira su. Abinda ya fito daga taron yana nan har yau kowa zai iya karantawa: shaidar bangaskiya da tace Ɗan haifaffe ne ba halitacce ba kuma ainihinsa ɗaya da Uba, sai maganar ranar da za a riƙa bikin Ista, sai maganar wani ɓangare da ya ɓalle a Masar ƙarƙashin Melitiyus, sai dokoki 20 na tafiyar da ikilisiya, irin su bishop nawa ne zasu naɗa sabon bishop, da yadda za a karɓi waɗanda suka yi musun bangaskiya lokacin tsanani, har da dokar cewa a riƙa addu'a a tsaye ranar Lahadi. A cikin dokokin nan 20 babu ko ɗaya da tayi maganar wane littafi zai shiga wane zai fita.

Abinda ni yafi gamsar dani ma shine yadda akayi gardamar kanta. Ariyus da mutanensa suna kafa hujja da Karin Magana 8:22 da Yahaya 14:28 inda Ubangiji yace Uba ya fi shi girma, ɗaya ɓangaren kuma suna jawo Yahaya 1:1 da Yahaya 10:30. Kaga duk su biyun daga littattafai ɗaya suke ɗebo ayoyinsu, ba wanda ya miƙe yace ni ban yarda da Bisharar Yahaya ba, rigimarsu akan fassarar abinda ke rubuce take, wato littattafan sun riga sun zauna tun kafin a shiga zauren. Sannan ka duba wannan, mutum na farko da muka sani ya jera littattafan Sabon Alkawari 27 cif kamar yadda suke hannunka shine Atanasiyus bishop na Iskandariya, a wasiƙar Ista da ya aika wa ikilisiyoyin Masar a 367. Konstantin ya mutu tun 337, shekara 30 kenan kafin wasiƙar. Kuma wannan Atanasiyus ɗin Konstantin da kansa ya kore shi daga kujerarsa ya tura shi gudun hijira can Tiriya a ƙasar Jamus ta yau, ba yaron sarki bane ko kaɗan.

Toh daga ina labarin ya fito tunda ba a banza mutane suke maimaita shi ba? Akwai 'yan abubuwa na gaskiya da aka cakuɗa. Bayan taron Konstantin ya bada umarni a ƙone rubuce-rubucen Ariyus, wannan ya faru kuma ni bana kare shi, sarki bashi da hurumin sa wuta a gardamar tauhidi, amma takardun Ariyus ne aka ƙone ba Bishara ba. Sannan wajen 331 ya rubuta wa Yusibiyus yace a kwafa masa Littattafai Masu Tsarki guda 50 akan fata mai kyau saboda sabbin coci-cocin birnin Kustantiniya, a wasiƙar bai lissafa littafi ko ɗaya ba, kwafi ya nema na abinda ikilisiya take karantawa. Jerom ma, malamin da ya fassara Baibul zuwa Latin, a gabatarwar da yayi wa littafin Yudit ya ambata cewa ana faɗin taron Nikiya ya lissafa littafin cikin nassi, amma takardun taron basu nuna haka ba. Sai kuma wata tatsuniya da ta bayyana a wani rubutun Helenanci na ƙarni na 9, sama da shekara 500 bayan taron, wai an jibge littattafai kusa da bagade akayi addu'a sai na gaskiya suka hau sama na ƙarya suka tsaya a ƙasa. Marubucin Faransa Volta ya yayata wannan a ƙarni na 18, a zamaninmu kuma ƙagaggun labarai da finafinai suka ƙara mata gishiri har ta zama kamar tarihi.

Wanda ya ƙone Littattafai Masu Tsarki da gaske shine Sarki Diyokilishiyan. A watan Fabrairu na 303 ya fitar da doka a rushe majami'u a ƙone littattafan Kirista, an kashe mutane saboda sun ƙi miƙa su, waɗanda suka miƙa kuma abin ya zama musu abin kunya har ya raba ikilisiyar Arewacin Afirka gida biyu shekaru da yawa, rigimar 'yan Donatus kenan. Ka tsaya kayi tunani, mutumin da zai yarda a kashe shi akan littafi ai ya san wane littafi ne. Daga 303 zuwa 325 shekara 22 ce kawai, da yawa cikin bishop-bishop ɗin da suka zo Nikiya sun sha wannan wuya, masu tarihin ikilisiya sun rubuta cewa wasu sun zo da tabon azaba a jikinsu. Irin waɗannan ne za a ce sarki ya canza musu littafi sukayi tsit? Banda haka muna da kwafe-kwafen da suka girmi Konstantin waɗanda aka tono a Masar, akwai ɗan guntun Bisharar Yahaya da ake ajiye a Mancesta ta Ingila da masana ke sawa a ƙarni na 2, akwai kundin wasiƙun Bulus na wajen shekara ta 200 da ake kira P46, akwai P66 da P75 na Yahaya da Luka suma na wannan tsakanin. An kwafe su tun kafin ayi taron Nikiya, hannun sarki bai kai garesu ba, kuma da aka kwatanta su da kwafin bayan Konstantin Bishara ɗaya ce, banda ƙananan bambance-bambancen masu kwafi da duk rubutun hannu yake dasu.

Yadda Sabon Alkawari ya taru a hankali ne, ta hanyar karatu a cikin sujada. Tun manzanni suna raye ake musayar wasiƙu, duba Kolosiyawa 4:16 inda Bulus yace in an karanta wasiƙar a wurinsu a kai wa Lawudikiya suma su karanta, kuma 2 Bitrus 3:15-16 ta riga ta sa wasiƙun Bulus a sahun sauran Littattafai. Wajen shekara ta 150 Jastin Shahidi ya bayyana yadda Kiristocin Roma suke taruwa ranar Lahadi ana karanta abinda manzanni suka rubuta tare da littattafan annabawa. A wannan lokacin ne wani attajirin jiragen ruwa mai suna Markiyon ya zo Roma da koyarwa cewa Allahn Tsohon Alkawari daban yake da Uban Yesu, ya watsar da Tsohon Alkawari kaf, ya riƙe Luka kaɗai bayan ya yanke abinda bai masa ba, da wasiƙun Bulus goma. Ikilisiya ta fitar dashi wajen 144. Idan ana neman mutum ɗaya da ya zauna ya zaɓi littattafai bisa son ransa to Markiyon ne, kuma an ƙi shi. Wajen 180 Ireniyus bishop na Liyon ya rubuta cewa Bishara huɗu ce, ba ƙari ba ragi, ya kira sunayensu, shekara kusan 145 kafin Nikiya.

Akwai wani labari da nake son ɗalibai su sani don yana nuna yadda ake auna littafi a aikace. Wajen shekara ta 200 Serafiyon bishop na Antakiya ya ziyarci ikilisiyar wani gari mai suna Rosus ya tarar suna ɗan saɓani akan wani littafi da ake kira Bisharar Bitrus. Bai karanta ba, yaga kamar ƙaramar magana ce, yace su ci gaba da karatunsu. Da ya koma gida aka sanar dashi abinda ke ciki, ya nemi littafin ya karanta da kansa, sai ya tarar yawancinsa ba laifi amma an cusa koyarwar masu cewa Yesu ba jiki na gaske ya ɗauka ba, wahalar gicciye ma gani ne kawai. Nan take ya rubuta musu ya janye izininsa, yace Bitrus da sauran manzanni muna karɓarsu kamar Almasihu amma abinda aka rubuta da sunansu na ƙarya bamu karɓa, don mun san ba a miƙo mana irinsa ba. Ba soja, ba sarki, a lokacin ma Kiristanci haramtaccen addini ne. Tambayoyin da suke yi kenan a ko'ina: littafin daga manzo ya fito ko daga wanda ya zauna da manzo kamar Markus da Luka, koyarwarsa ta dace da abinda aka karɓa tun farko, kuma ikilisiyoyi a wurare dabam dabam sun daɗe suna karanta shi a sujada ko kuwa jiya ya ɓullo a lungu ɗaya.

Ba zan ɓoye maka ba, a gefe-gefe an daɗe ana jayayya, kuma gara kaji daga bakina da kaji a wurin mai son girgiza ka. Yusibiyus a tarihin ikilisiya da ya rubuta a farkon ƙarni na 4 ya kasa littattafan. Akwai waɗanda kowa ya yarda dasu, Bishara huɗu, Ayyukan Manzanni, wasiƙun Bulus, 1 Bitrus, 1 Yahaya. Akwai waɗanda ake gardama amma yawanci sun karɓa, Yakubu, Yahuza, 2 Bitrus, 2 da 3 Yahaya. Wahayin Yahaya shi kansa Yusibiyus ya rasa inda zai ajiye shi saboda a gabas wasu suna ɗari-ɗari dashi, Ibraniyawa kuma a yamma ne aka yi jinkiri don ba a tabbatar wa ya rubuta ba. Akwai kuma littattafai masu kyau da mutane suke ƙauna amma basu shiga ba, kamar Makiyayi na Hamas da Wasiƙar Barnaba da Koyarwar Manzanni, har kundin Sina'i na ƙarni na 4, wani tsohon kwafin Baibul na Helenanci, yana ɗauke da biyun farko a ƙarshensa. Ikilisiyar Suriya ma tsohuwar fassararta Feshitta littattafai 22 ne a Sabon Alkawari. Toh amma ka auna girman abin da ake gardama akai, yawancinsu gajerun wasiƙu ne, 2 da 3 Yahaya da Yahuza ko babi biyu basu kai ba, kashin bayan littafin ba a taɓa jayayya dashi ba. Da tarukan Hippo a 393 da Kartaj a 397 suka lissafa 27 ɗin, kamar hanya ce da ƙafafun mutane suka riga suka buɗe shekara da shekaru sannan aka zo aka zuba mata kwalta. Wannan jerin shi ake kira kanon, daga kalmar Helenanci ta sandar awo.

Yanzu ga 66 da 73. Yahudawa suna lissafa littattafansu 24, mu muna ce musu 39, kuma abu ɗaya ne, lissafi ne ya bambanta, su ƙananan annabawa 12 littafi ɗaya ne a wurinsu, Sama'ila ɗaya, Sarakuna ɗaya, Tarihi ɗaya, Ezra da Nehemiya ɗaya. Amma tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu Yahudawan Iskandariya da Helenanci ya zama harshensu suka fara fassara Attaura, sauran littattafan suka biyo baya, wannan fassarar ita ake kira Seftuwajinta. Tare da ita wasu littattafan Yahudawa na tsakanin Alkawari biyu suka riƙa yawo: Tobit, Yudit, Hikimar Sulemanu, Sirak, Baruk, Makabiyawa na 1 da na 2, bakwai ɗin kenan, sai ƙarin wasu sassa a Esta da Daniyel kamar labarin Susana. Kiristocin farko yawancinsu Helenanci suke ji ba Ibrananci ba, marubutan Sabon Alkawari ma sau da yawa daga Seftuwajinta suke jawo aya, don haka littattafan nan suka shigo hannun ikilisiya tare da Ishaya da Zabura, ana karanta su ana wa'azi dasu, alhali malaman Yahudawa basu sa su cikin nasu jerin ba.

Manyan malamai biyu na zamani ɗaya suka rabu akan wannan. Jerom ya koma Baitalami ya zauna, ya koyi Ibrananci a wurin Yahudawa, daga wajen 390 zuwa 405 ya fassara Tsohon Alkawari zuwa Latin kai tsaye daga Ibrananci, da yaga littattafan nan basa cikin na Yahudawa sai yace a ajiye su a matsayin Afokirifa, ikilisiya ta karanta su don gina jama'a amma kada a kafa koyarwa dasu. Agustin bishop na Hippo, garin Annaba na Aljeriya a yau, yace a'a, abinda ikilisiyoyi suka karɓa suke karantawa tun kakanni shine ma'auni, kuma tarukan Hippo da Kartaj da yake da ƙarfi a cikinsu sun lissafa su cikin nassi. Har wasiƙa ya rubuta wa Jerom yana gaya masa cewa a garin Oya, Tirabulus ta Libiya kenan, jama'a sun tada hayaniya a coci da aka karanta sabuwar fassararsa ta littafin Yunusa don sunji ta saɓa da wadda suka saba. Ko Atanasiyus a wasiƙar nan ta 367 matsayi uku yayi, na kanon, da na karantawa ga sabbin tuba inda yasa Hikima da Sirak da Tobit da Yudit har da Esta, sannan na ƙarya da ya hana, Baruk kuma ya haɗa shi da Irmiya cikin kanon. Haka aka tafi fiye da shekara dubu, littattafan suna cikin Baibul na Latin, ana karanta su a sujada, malamai kuma wasu na bin Jerom wasu na bin Agustin ba wanda ya kori wani.

Abin ya zama rigima ne lokacin gyaran ikilisiya. A muhawarar Laifzig ta 1519 Yohan Ek malamin Katolika ya kawo wa Martin Luta 2 Makabiyawa 12, inda Yahuza Makabi ya tara kuɗi ya aika Urushalima ayi hadaya saboda sojojinsa da suka mutu da layun gumaka a jikinsu, a matsayin hujjar addu'a domin matattu da wurin tsarkake rai bayan mutuwa. Luta yace littafin baya cikin kanon, ya jingina da Jerom. Amma ko shi bai jefar dasu ba, a cikakken Baibul ɗinsa na Jamusanci na 1534 ya tattara su tsakanin Tsoho da Sabon Alkawari yace basu kai nassi ba amma suna da amfani kuma suna da kyau a karanta. Ikilisiyar Katolika ta amsa a taron Tirent ranar 8 ga Afrilu 1546, ta tabbatar da jerin da taron Fulorens ya riga ya bayar a 1442, ta rufe ƙofar gardamar a wurinta, daga baya aka riƙa ce musu na kanon na biyu. Abinda yawancin 'yan Furotesta basu sani ba shine Baibul na King James da ya fito a 1611 da Afokirifa a cikinsa ya fito, kuma ƙa'idodin bangaskiya 39 na Anglikan har yau matsayin Jerom suke riƙe. Shaidar bangaskiya ta Westminsta ta 1647 ce ta tsananta tace basu da wani iko a ikilisiya, sannan a 1826 ƙungiyar buga Baibul ta Birtaniya ta yanke cewa ba zata ƙara kashe kuɗinta wajen buga su ba, kuma da yake ita ce ta ɗauki nauyin fassara da bugu a harsuna masu yawa a duniya, mutane da yawa suka taso basu taɓa ganin littattafan ba.

Shi yasa raina baya so inji ɗan Furotesta yana cewa 'yan Katolika sun ƙara littattafai a 1546, littattafan suna hannun Kirista tun ƙarnin farko-farko. Haka kuma ba daidai bane ɗan Katolika yace Luta ne ya ƙirƙiro shakkar, Jerom ya riga shi da shekara fiye da 1000, kuma Kadinal Kajetan wanda ya tuhumi Luta a 1518 shi kansa ra'ayin Jerom yake bi akan littattafan nan. Ni inda na tsaya, ina tare da Jerom, dalilina kuwa Romawa 3:2 tace Yahudawa aka danƙa wa zantuttukan Allah, kuma Ubangiji da manzanni basu taɓa jawo ɗaya daga bakwai ɗin da cewa a rubuce yake ba. Amma wannan hujjar kada ka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta, don Esta da Waƙar Waƙoƙi ma ba a jawo su ba, Yahuza 14 kuma ya jawo littafin Anuhu wanda mu da Katolika duk bamu karɓa ba. Tsohuwar hujjar cewa ai da Helenanci aka rubuta su duka itama ta faɗi, an samu Sirak da Ibrananci a wata tsohuwar majami'ar Yahudawa a Alkahira a 1896, an samu guntayen Tobit da Aramiyanci da Ibrananci a kogunan dutse na Kumran kusa da Tekun Gishiri. Kuma ina roƙonka ka karanta su, musamman 1 Makabiyawa, don in baka san yadda Antiyokus Afifanis ya ƙazantar da Haikali a 167 kafin haihuwar Almasihu ba da yadda aka sake tsarkake shi a 164, ba zaka gane idin da Yesu ya halarta a Yahaya 10:22 ba, kuma Ibraniyawa 11:35 da take maganar waɗanda aka azabtar suka ƙi a sake su don su sami tashi mafi kyau, ka karanta 2 Makabiyawa 7 labarin uwa da 'ya'yanta bakwai zaka ga abinda marubucin yake tunawa. Otodoks na gabas ma sunfi Katolika yawa, suna da 3 Makabiyawa da Zabura ta 151, ikilisiyar Habasha kuma 81 take lissafawa har da Anuhu.

Sauran littattafan da ake cewa an ɓoye, ba a ɓoye suke ba, an buga su an fassara kowa zai iya saya. Bisharar Toma da aka tono a Nag Hammadi ta Masar a 1945 tarin maganganu 114 ne, babu labarin gicciye babu na tashi daga matattu, ceto a cikinta ta hanyar wani sani na asiri ne, kuma iyayen ikilisiya sun san da irinsu sun kira sunayensu, Ireniyus ya ambaci Bisharar Yahuza Iskariyoti tun wajen 180 ya faɗi dalilin ƙinta. Nasan kuma abokin naka zai iya kawo maka Linjilar Barnaba, toh kada ka haɗa ta da Wasiƙar Barnaba da na ambata a sama, littattafai biyu ne da ba abinda ya haɗa su. Akwai wani tsohon jerin haramtattun littattafai na wajen ƙarni na 6 da ya ambaci wata bishara da sunan Barnaba amma rubutunta bai iso garemu ba. Wadda ake yawo da ita yau daga rubutun hannu biyu ta fito, na Italiyanci da yake ajiye a Viyana ta Ostiriya wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 16, da na Sifaniyanci, babu ta da Helenanci ko Aramiyanci. A cikinta an ce Yesu ya shiga jirgin ruwa ya sauka a Nazarat alhali Nazarat kan tudu take ba a bakin teku ba, an ce shekarar Jubili duk shekara 100 take zuwa alhali Littafin Firistoci 25 shekara 50 yace, Paparoma Bonifas na 8 ne ya shelanta ta shekara 100 a 1300. Kuma littafin yasa Yesu yana cewa shi ba Almasihu bane, maganar da ta saɓa wa Littafi Mai Tsarki ta kuma saɓa wa Alkur'ani da yake kiransa Almasihu Isa ɗan Maryamu.